Hunturu Na Tafe: Shirin 'Yan Kasuwar Gombe Game Da Hazo, Ɗari Da Gobara

GOMBE — Da zarar ruwan sama ya ɗauke a cikin watan Oktoba, manoma kuma suka duƙufa ga girbin masara da wake da riɗi, sai hankalin 'yan kasuwar birnin Gombe ya koma kan wani baƙo wanda ba ya saɓa alkawari, wato hunturu. Yakan fara leƙowa ne a watan Nuwamba, ya kankama a Disamba da Janairu, sa'an nan ya yi ta jan ƙafa har zuwa ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, kafin zafin bazara ya kore shi. A cikin waɗannan watanni, akwai waɗanda ke samun ribar da za ta riƙe su har shekara ta zagayo, akwai kuma waɗanda ke rasa jarin da suka shafe shekara ashirin suna tarawa a cikin dare guda.

A ƙasashen Turai da Amurka, idan masu nazarin yanayi suka yi shelar cewa guguwar dusar ƙanƙara na tafe, jama'a kan yi tururuwa zuwa kantuna su tanadi abinci da mai, hukumomi su watsa gishiri a kan tituna, kamfanonin jiragen sama kuma su soke tashi tun kafin sama ta murtuke. Duk da wannan shiri, akan yi asara. Alal misali, a watan Fabrairu na 2021 matsanancin sanyi ya jefa miliyoyin mutane cikin duhu a jihar Texas ta Amurka, aka kuma rasa rayuka fiye da 200. Arewacin Nijeriya dai bai san dusar ƙanƙara ba. Amma hunturu na iya tsayar da jirgi, ya rufe wa direba hanya, ya kuma mayar da kasuwa toka, sai dai bambancin shi ne a nan an saba da shi har ba a cika ɗaukarsa abin da ake yi wa tanadi ba.

Ƙurar da ke lulluɓe Gombe ba ta cikin gari ba ce. Akasarinta tana tasowa ne daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Chadi, kusa da garin Faya, fiye da kilomita 1,000 daga Gombe. Shekaru dubbai da suka wuce, wannan kwari yana ƙarƙashin ruwan tsohon Tafkin Chadi ne, lokacin da tafkin ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. Da ruwan ya janye sai ya bar wani farin gari marar nauyi, wanda ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne. Iskar arewa maso gabas kan matsu a tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Masana sun daɗe da ayyana Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya, kuma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa ƙurar Sahara kan tsallaka tekun Atlantika har ta kai Kudancin Amurka.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa a cikin wannan bayani shi ne cewa ƙurar ba ta faɗowa kwatsam. Tana ɗaukar kwana ɗaya ko biyu a kan hanya kafin ta iso arewacin Nijeriya. Saboda haka ne Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, ke iya fitar da gargaɗi tun da wuri da zarar ta hango ƙura ta tashi a Chadi ko Nijar. Idan nisan da ido ke iya hange ya gaza mita 1,000, hukumar kan ce hazo ya yi kauri, ta kuma shawarci kamfanonin jiragen sama da direbobi da masu ciwon asma su yi hattara. Akan watsa irin wannan sanarwa a gidajen rediyo da kuma intanet, kyauta. Sai dai kuma kaɗan ne daga cikin masu loda tirela a Tudun Hatsi ko masu shirin tafiya Abuja kan saurare ta kafin su tsayar da rana.

Waɗanda hazo ke fara taɓawa su ne matafiya. Filin jirgin sama na Lawanti, wanda aka gina a zamanin Gwamna Muhammad Danjuma Goje, ya rage wa 'yan kasuwa da ma'aikata wahalar doguwar tafiya zuwa Abuja, amma jirgi ba ya sauka sai matuƙi ya ga hanyar sauka ko kuma na'urorin ƙasa sun yi masa jagora. Wannan matsala ba ta ƙananan filaye kaɗai ba ce. A watan Fabrairu na 2020 hazon hunturu ya tilasta wa manyan jiragen ƙasashen waje da suka nufi Legas karkata zuwa Akra, babban birnin Gana, fasinjoji suka yi kwanaki suna gararamba. In har hakan zai faru a filin jirgin da ya fi kowanne hada-hada a ƙasar nan, to mai ganawa da banki ko mai kai takardun neman kwangila Abuja a watan Janairu, zai fi masa alheri ya tashi da kwana guda a hannu, maimakon ya dogara ga jirgin safiyar ranar.

A ƙasa ma haka abin yake. Gombe mahaɗar hanyoyi ce tun da daɗewa: ga ta Bauchi, ga ta Biu zuwa Maiduguri, ga ta Numan zuwa Yola, ga ta Dukku, ga kuma ta Bajoga wadda tirelolin siminti daga Ashaka ke bi dare da rana. Wannan matsayi ne ma ya bunƙasa garin tun bayan da aka dawo da hedkwatar masarauta nan a 1919, jirgin ƙasa kuma ya iso a farkon shekarun 1960, har ya zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996. A lokacin hunturu, asuba da almuru su ne mafi haɗari a kan waɗannan hanyoyi, domin hazo kan haɗu da hayaƙin masu ƙona daji, direba ya kasa ganin tirelar da ta lalace a gabansa sai ya zo daf da ita. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, kan tsananta sintiri a ƙarshen kowace shekara saboda yawan zirga-zirga. Mai mota kuwa, abin da ke kansa bai wuce gyara fitilu da burki, da wanke matatar iskar inji a kai a kai, da kuma haƙura da tafiyar dare ba.

Amma babbar fargabar ɗan kasuwa a wannan lokaci ita ce gobara. A tsakiyar hunturu danshin iska kan yi ƙasa ƙwarai, har yakan gaza kashi 20 cikin 100 da rana. Katako da buhu da tamfol da yadi da katifa duk sukan bushe ƙayau, su zama tamkar an jera wa wuta abinci. Ga kuma iska da ke kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, wadda kan ɗauki tartsatsi daga wannan rumfa ta jefa a waccan. Daɗin daɗawa, ɗari kan sa masu gadi da 'yan dako su hura wuta ko su kunna gawayi a kasko don jin ɗumi, barci ya sace su. Akwai kuma hitar dafa ruwa da dutsen guga da ake mantawa a jone lokacin da aka ɗauke wutar lantarki, sai a dawo da ita cikin dare ba kowa a wurin. Haɗa da tsofaffin wayoyi da aka yi ta ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsu, da galan-galan na fetur da ake ajiyewa a shago saboda janareta.

Tarihin kasuwannin Arewa a 'yan shekarun nan ya isa ishara. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A watan Janairu na 2021 ta tashi a babbar kasuwar Sakkwato, a watan Maris na wannan shekarar kuma ta afka wa ta Katsina. Ranar 26 ga Fabrairu, 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, mutanen Maiduguri suka wayi gari Kasuwar Monday na ci da wuta. Ko da yake musabbabin kowace daban ne, ba a rasa lura da cewa dukkansu sun auku ne tsakanin Janairu da Maris, lokacin da komai ya bushe. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Babbar Kasuwar Gombe da Tsohuwar Kasuwa da Kasuwar Katako da ta hatsi a Tudun Hatsi, babu wadda ta fi ƙarfin irin wannan ibtila'i, musamman ma ta katako, inda garin katako da injinan yanka da wayoyin lantarki ke zaune wuri guda.

Abin da ya fi ba 'yan kwana-kwana wahala a kusan kowace gobarar kasuwa ba ƙarfin wutar ba ne kawai, rashin hanya ne. Layukan da aka tsara domin mota ta wuce, sannu a hankali masu tebur da masu kwantena sun cike su, kowa na neman inda zai kasa kayansa. Idan wuta ta tashi da ƙarfe biyun dare, motar kashe gobara kan tsaya a bakin ƙofa tana kallo, in ma ta shiga ruwanta ya ƙare, sai ta koma nesa ta ɗebo. A nan ne shugabannin kasuwa ke da rawar takawa wadda ba sai an jira gwamnati ba. Buɗe layuka, da tanadin rijiyar burtsatse da tanki a cikin kasuwa, da kafa makunni guda wanda za a kashe wutar layi baki ɗaya idan an tashi, da hana kwana da wuta, duk abubuwa ne da ƙungiyar 'yan kasuwa za ta iya zartarwa da kuɗin da bai kai darajar kayan shago ɗaya ba. Tukunyar kashe gobara ma ba ta da amfani in yaron shago bai san yadda ake buɗe ta ba, ko kuma wa'adinta ya wuce shekara uku tana rataye.

Akwai wata asara da ba a cika ambata ba idan ana lissafin gobara, wato ta tsabar kuɗi da littafin bashi. Har yanzu da yawa daga cikin 'yan kasuwa kan kwana da cinikin yini a cikin akwatin shago, su kuma rubuta duk abin da suke bin mutane a littafi guda da ke cikin aljihun tebur. Kaya in sun ƙone ana iya samun mai bayar da wasu bashi. Amma in littafin ya ƙone, sai dai a dogara ga tsoron Allah na waɗanda ake bi.

Batun inshora kuwa, har yau bai samu karɓuwa sosai a kasuwannin Arewa ba. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta yi wa gine-ginen da jama'a ke shiga inshora, sabuwar dokar da ta maye gurbinta a 2025 ma ba ta janye wannan ba, amma aiwatarwa ita ce matsala. Wasu na gudun inshora ne saboda shakku ta fuskar addini, wasu kuma saboda labarin da suka sha ji na wahalar karɓar diyya. Tun a 2013 hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato tsarin taimakekeniya da ya dace da shari'ar Musulunci, kuma akwai kamfanoni masu lasisi da ke gudanar da shi. Duk wanda zai shiga, ko wane iri ne, wajibi ne ya karanta sharuɗɗa da kyau, ya bayyana ainihin darajar kayansa, ya kuma adana rasit da jerin kaya a wani wuri da ba shagon ba. Wanda ya rage darajar kayansa don ya biya kaɗan, diyyar ma kaɗan zai karɓa.

Faɗuwar wani dai tashin wani. Ga masu sayar da gwanjo, hunturu shi ne kakarsu. Mai wayo a cikinsu tun watan Satumba ko Oktoba yake sayen dilar rigunan sanyi da barguna da safa da hulunan yara, kafin kowa ya farga farashi ya tashi. Sana'ar tana da nata haɗari. Tufafin gwanjo na cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta hana shigowa da su, don haka duk wani tsanani a kan iyaka, kamar rufewar da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, yakan bayyana nan take a farashin dila. Haka kuma faɗuwar darajar naira tun bayan sauya tsarin canji a watan Yuni na 2023 ta sa jarin da a da ke sayen dila uku ya koma da ƙyar yake ɗaukar ɗaya. Sa'an nan ga shi ba kowace shekara ɗari ke tsanani ba. In ya zo da sauƙi, ko ya makara, sai mai kaya ya wayi gari a watan Maris da tulin suwaita ba mai tayawa, jarinsa ya kwanta har wata tara.

Masu shayi da masu ƙosai da kunu, da masu man shafawa da man kaɗanya, da masu gawayi da itace, duk kasuwarsu kan buɗe. Ta masu ƙanƙara da ruwan sanyi da fanka kuwa sai ta kwanta. Cinikin gawayi da itace ya ƙara haɓaka tun da gas da kananzir suka yi tsada, abin da ke cin karo da ƙoƙarin dashen itatuwa, ganin cewa Gombe na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada waɗanda shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya shafa, kuma gwamnatin jihar ta ƙaddamar da nata shirin dashe a 2019. Masu buga bulo su ma sun san cewa a wannan lokaci siminti kan sha ruwa fiye da kima, in ba a yi ta ba shi ruwa ba sai ya tsattsage. Masu faifan sola kuma, waɗanda suka yawaita a shaguna da gidaje, ƙurar da ke kwanciya a kan faifan kan rage musu wuta sai an riƙa gogewa.

A Tudun Hatsi lissafin ya sha bamban, domin a can hunturu aboki ne. Busasshiyar iska ce ke ƙarasa busar da masara da wake da dawa, ta yadda za su jure ajiya ba tare da fumfuna ba. A wannan lokaci ne kaya ke cika kasuwa, farashi ya sauko, fatake daga Kudu su zo su yi ta loda wake, masu hali kuma su saya su kimshe a sito suna jiran bazara da farkon damina. Amma ajiya ba kullum take biya ba. Wanda ya sayi hatsi da tsada yana zaton farashi zai ci gaba da hawa kamar yadda ya yi a 2023 da 2024, ya ga yadda kasuwa ta juya a 2025 lokacin da farashin hatsi ya sauko. Ga kuma ƙwaro da ke cin wake a cikin buhu. Buhunan PICS masu leda biyu a ciki, waɗanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, sun rage dogaro ga maganin feshi, wanda yawansa a jikin wake ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015.

Kimanin kilomita 40 gabas da birnin, a bakin madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, manoman rani addu'a suke yi ɗari ya yi ƙarfi. Alkama ba ta yin kyau sai da sanyin dare, shi ya sa masana, ciki har da na Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri wadda ke da alhakin binciken alkama a ƙasar nan, ke shawartar a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya makara, zafin Maris zai riski alkamarsa tana fitar da kai, ƙwayar ta tsumbure. Tumatir da albasa da tattasai ma lokacinsu ke nan. Matsalar ita ce kowa kan girbe a lokaci guda, kwando ya faɗi warwas, ga shi masana'antar tumatir ta Vegfru da ta taɓa sayen amfanin manoman wannan yanki ta daɗe da durƙushewa. Abin da ya rage wa manomi shi ne ko ya sayar yadda dillali ya taya, ko ya yanka ya shanya, wanda a nan ma busasshiyar iskar ce ke yi masa aiki, ko da yake takan bar masa ƙura a jikin kaya.

Ta fuskar lafiya, mura da tari da ciwon ido da tashin asma kan rage wa shaguna da masana'antu ma'aikata, masu kemis kuma su yi ciniki. Wanda ya fi tsanani shi ne sanƙarau, wanda kan ɓulla a ƙarshen hunturu zuwa bazara, lokacin da ƙura ta riga ta raunana hanci da maƙogwaro, jama'a kuma na kwana a cunkushe. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Gombe, annobar sanƙarau ta kashe mutane fiye da 11,000 a Nijeriya, har hukumomin Saudiyya suka hana maniyyatan ƙasar nan zuwa aikin Hajji, abin da ya jawo wa 'yan kasuwa da masu jigila asara mai yawa. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kariya daga nau'i biyar na cutar.

Akwai kuma wani sauyi da ya kamata masu tsara kasuwancinsu su sa a lissafi. Watan Ramadan kan matso da kimanin kwana 11 a kowace shekara. A 2025 an fara azumi a farkon Maris, a 2026 kuma a cikin Fabrairu, wanda ke nufin cewa a shekaru masu zuwa azumi da ƙaramar Sallah za su riƙa faɗawa a tsakiyar hunturu, kamar yadda aka gani a ƙarshen shekarun 1990. Masu ƙanƙara da zoɓo da lemon kwalba, waɗanda suka saba kwasar riba a azumin bazara, za su ga raguwa, yayin da masu shayi da kunu da kayan miya za su samu ƙari. Teloli kuma za su riƙa kwana a shago suna ɗinkin Sallah da dutsen guga da janareta a daidai makonnin da iska ta fi bushewa, shagunan yadi da atamfa na Babbar Kasuwa kuwa a cike maƙil da kaya.